Giya da tumbin samari: abin da aka tattauna a fadarmu

Jiya a fadarmu ta Maraɗi, wato majalisar da muke zaman hira, an yi muhawara kan samari masu tumbi tun ba su kai talatin ba. Wani ma'aikacin lafiya ya ce giram ɗaya na barasa kalori 7 ne, na sukari 4. Kuma sai hanta ta gama da giyar kafin jiki ya koma ƙona kitse, ga tsiren dare da ake haɗawa da ita.

Shawarar mafi yawa a daina, addini ma ya hana. Amma wanda ya daɗe yana sha kullum ya ga likita tukuna, yankewa kwatsam na iya kawo jijjiga. Ni na ce a rage sukarin shayi ma, aka yi mini ca.