Tumatir ɗina na yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, a taimaka

Baban Ummi: Salam 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Tumatir ɗin da na dasa a fadamar Dadin Kowa ya fara fure kenan sai ga shi yana langaɓewa da rana, da asuba ya ɗan miƙe, yanzu kuwa wasu ko miƙewar ba sa yi, ganyen kuma kore shar. Ruwa kam yana samu. In ƙara ruwa ne ko feshi zan yi?

Ɗan Kumo: Yunwa ce Alhaji, watsa masa taki kawai.

Malamin Gona: A'a, kar ka zuba komai tukuna. Cikin karan shuka akwai 'yan siraran bututu, zailam sunansu, su ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ƙwayoyin da suka yi bututun nan matattu ne fa, cikinsu rami, bangonsu da ƙwari, sun jeru baki da baki kamar fayif ɗin ban ruwa, kuma ganye ne ke janyo ruwan, yana fitar da danshi ta ƙofofinsa, ruwan ƙasa na biyowa, shi ya sa wahalar ta fi fitowa da tsakar rana. In ƙwayar cuta ta bakteriya ta shiga ta raunin saiwa sai ta hayayyafa a ciki ta toshe hanya da yauƙi, ruwa na gindi amma shuka na ƙishi. Yanko kara ɗaya daga gindi ka rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kar ka motsa, ka jira 'yan mintuna.

Baban Ummi: Malam na gwada, wani farin abu kamar zare ke sauka daga bakin karan.

Malamin Gona: Subhanallahi, bakteriyar ce. Gaskiya feshi ba ya warkar da wanda ya kamu, kar ka ɓata kuɗinka. Tuge su da saiwa ka ƙone a wajen gonar, ka wanke wuƙa da fartanya da bilic. Kwamin nan a huta masa da tumatir, tattasai, attaruhu, gauta da dankalin turawa na wasu shekaru, cutar na daɗewa a ƙasa, masara ko dawa za ka sa.

Maman Sadik: Allah ya mayar da alheri Baban Ummi. Ka datse ruwan da ke bi ta kwamin mai ciwo zuwa sauran yau ɗin nan, ta ruwa take yaɗuwa, ka kuma faɗa wa maƙwabcinka na ƙasa tunda wajensa yake gangarawa.