Faifan da 'yan majalisarmu suka ce a saurara

A hirar da aka yi a majalisarmu ta Gwammaja kan albam ɗin da kowa ya fi so, shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a saurari faifai daga farko har ƙarshe, ban da tsallake. Masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sun saba mana da cakuɗaɗɗen zubi a memori, har ba a sanin wace waƙa ke bin wace.

Masu son rege sun tsaya kan Exodus na Bob Marley, 1977. Wani malamin makaranta ya kawo Kind of Blue na Miles Davis, 1959, jaz ne zalla ba murya, ya ce a saka shi da dare bayan an kashe janareta. Ni dai wanda na fi yarda da shi shi ne Talking Timbuktu, na makaɗin jita ɗan ƙasar Mali, Ali Farka Touré, da Ry Cooder, 1994, wanda ya ci lambar yabo ta Grammy. Bahaushen da ya tashi da garaya da gurmi ba zai ji jitar nan baƙuwa ba.

Da aka zo kan na gida sai gardama ta kaure, don Shata bai tsara waƙoƙinsa albam-albam ba. Wani dattijo ya ce, "Ku yaran nan, ku fara da Bakandamiya, sannan kuntigin Ɗan Maraya Jos, sai amadar Barmani Choge." Ya kuma gargaɗe mu da tsofaffin kaset da aka kwafa a waya, wasu an yanke musu farko, kalangun ma ya dushe.