Taƙaitawar tattaunawa kan na'urorin bin ido da auna bugun zuciya a wasannin bidiyo

Ga abin da na tattaro daga bakin 'yan'uwa, galibinsu ɗalibai da masu shagunan wasa a Samaru da Sabon Gari.

1. An yi ittifaƙi cewa na'urar bin ido, irin ta kamfanin Tobii ko wadda ke cikin PlayStation VR2 (gilashin wasan bidiyo da ake sanyawa a fuska) da ya fito a 2023, tana haska ido da hasken da ba a iya gani, kyamara ta gano inda mutum yake kallo, sannan a ƙawata hoton wannan wurin fiye da na gefe.

2. Kusan kowa ya ce masu lalurar hannu ne za su fi cin moriyarta, domin kallo yana iya maye gurbin maɓalli, kuma a ganina nan ne babban amfaninta yake.

3. Ra'ayi ya rabu kan auna bugun zuciya. Wasu suna sha'awar wasan da yake ƙara tsanani idan gaban mai wasa ya faɗi, wasu kuwa suna fargabar hannun da bayanan lafiyarsu za su faɗa, saboda haka suka ba da shawarar a karanta sharuɗɗan sirri kafin a amince.

4. Masu shaguna sun ce tsada da matsalar wutar lantarki sun hana su saye a yanzu.