Fenti ya cinye mini jikin mota 1/24, ga kuma RC166 na jira a kwali

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar haɗa ƙananan motoci da babura na roba. Na fesa wa jikin wata mota mai ma'aunin 1/24, wato an ƙanƙanta ta sau 24, jan fentin gwangwani, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota, kai tsaye a kan robar. Kafin minti 10 rufin da bonet sun yamutse, sun yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Gilashin gaba kuma da na liƙa da sufa gulu ya yi fari fat ta gefe-gefe.

Shin wannan jikin zai cetu, ko in haƙura da shi? Na biyu, ina da babur Honda RC166 na kamfanin Tamiya, 1/12, ko ledar ban yanke ba, kuma ba na son ya bi sahun motar. Ba ni da bindigar feshi, daga burushi sai gwangwani. Ga hunturu ya shigo da ƙurarsa. Ta ina zan fara?

Mai Fenti:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jikin zai cetu in ƙurajen ba su yi zurfi ba.

Robar da ake yin waɗannan kaya da ita polistirin ce, kuma tinar da ke cikin fentin mota, wato ruwan da ake sirka shi da shi, tana narkar da ita. Fentin mota an haɗa shi ne don ƙarfe mai firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Da ka fesa shi da kauri a kan tsirarar roba, sai tinar ta zauna, ta jiƙa fatar robar, ta laushe ta, da ta fara bushewa kuma sai fatar ta tattare. Ke nan yamutsewar ba a fenti kaɗai take ba, ta shiga robar.

Ka bar shi kwana 3 ya ƙame tukuna. Sannan ka samu sifirit mai ƙarfi, isofurofil na kashi 99, wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi. Ka nutsar da jikin a roba mai murfi, ka bar shi awa 12 zuwa 24, ka goge da tsohon burushin haƙori. Kada ka kusantar da shi da tinar masu fentin mota ko abin goge farce na mata, za su mayar da shi kamar cingam. Bayan fentin ya fita, ka bi wuraren da suka yamutse da sanfefa lamba 600 da ruwa, sannan 1000. Ka naɗe sanfefar a jikin wani abu mai shimfiɗaɗɗen baya, ko da abin goge fensir ne, domin yatsa zalla yana yin kwari a rufi. Layukan ƙofa da suka cike, ka sake jan su da bayan tsinin reza, a hankali, sau 5 ko 6 ba tare da dannawa ba.

Daga nan sai firaima, kuma ita ce ka tsallake. Ko Fine Surface Primer na Tamiya, ko Mr. Surfacer 1200. Tana yin aiki uku: tana shiga tsakanin roba da tina, tana ba fenti wurin kamawa, tana kuma tona asirin duk wani ƙarce da ido bai gani ba. In ja za ka fesa, ka nemi fara ko mai ruwan hoda. Ja a kan firaima mai ruwan toka yana fitowa da duhu kamar zoɓo, komai yawan shafin da ka yi.

Yadda ake feshin gwangwani: ka girgiza minti 2 cikakku. Da sanyin safiyar hunturu ka tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, na minti 5. Ban da tafasasshe, ban da kusa da wuta, gwangwanin na iya fashewa. Tazara santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna kan kafin ka iso jikin motar, ka sake shi bayan ka wuce, saboda a farko da ƙarshe ne yake tofar da ɗigo. Shafi biyu na farko su zama ƙura-ƙura, har kana hango firaima ta ƙasa, da minti 15 a tsakani. Na uku da na huɗu ne za ka rage sauri har fentin ya yi sheƙin jiƙa, ka tsaya kafin ya fara zuba.

Iskar hunturu ba ta da laima sosai, don haka fenti na bushewa a hanya kafin ya sauka, sai ya zauna kamar yashi. In ka ga haka, ka matso zuwa santimita 15, ka ƙara saurin hannu. A bazara ka yi feshi da sassafe kawai. A tsakiyar damina matsalar takan juya: laima na sa fentin ya yi hazo fari-fari, musamman baƙi da kiliya, wato fenti garau marar launi da ake rufe aiki da shi. Maganin ƙura kuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin, ka tanadi babbar roba mai tsabta, da ka gama ka kife ta a kan aikin, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinken ashana don tina ta samu hanyar fita. Ka yi a waje ko bakin taga, da takunkumi mai tace sinadari, ba na ƙyalle ba, kuma yara su yi nisa.

Duk fentin da ba ka sani ba, ka fara gwada shi a bayan cokalin roba na yarwa. Ka duba alamar PS ko lamba 6 a jikinsa, shi ne robarsu ɗaya da motarka.

Baban Ummi:

Malam Mai Fenti ya gama da fenti. Bari in ɗauki gilashi da babur.

Sufa gulu yana fitar da tururi yayin da yake kamawa, tururin ne ke sauka a kan gilashi ya zama fari, ya fi kuma kama inda yatsa ya bar maiƙo. In farin a sama yake, man goge fenti a kan auduga zai ɗauke shi. In ya ƙi, ka bi da sanfefa 2000 da ruwa, sannan 3000, sannan man gogewa. Gilashin zai yi dishi-dishi a tsakiyar aikin, kada ka tsorata, zai dawo. Ka tallafe shi ta ciki da yatsa, domin robar gilashi ta fi sauran gautsi, kuma tsagewarta ba ta da magani. Nan gaba, gilashi da fitilu sai farin gam na kafinta, a ɗiga da tsinken sakace. Yana bushewa garau, abin da ya fito kuma a share da jiƙaƙƙen auduga.

Sauran sassa, roba da roba, ka yi amfani da gam mai ruwa-ruwa na Tamiya, Extra Thin Cement, mai koren murfi. Ba a shafa shi kafin a haɗa. Ka haɗa sassan biyu, ka taɓa bakin layin da burushin da ke jikin murfin, shi zai bi layin da kansa ya narkar da fuskokin su zama ɗaya. Ba ya kama fenti, ba ya kama kurom, sai ka kankare wurin da reza har roba ta fito.

RC166 kuwa ka zaɓi babur mai kyau, amma mai tona asiri, don kusan komai nasa a fili yake da zarar an cire rigar, wato murfin da ke rufe gabansa da injinsa. Shi ne babur ɗin tsere na cc 250 mai silinda 6 wanda Mike Hailwood ya ci gasar duniya da shi a 1966. Ke nan kafireto 6, fulogi 6, salansa 6, uku ta kowane gefe. Duk kuskuren da ka yi a ɗaya, sau shida za ka maimaita, don haka ka gama ɗaya tukuna ka duba shi da kyau.

Kada ka murɗe sassa daga sandunan da ke riƙe da su. Ka yanke nesa kaɗan, ka rage saura da reza, ka bi da 600. Tanki da salansa duk inda aka haɗa rabi da rabi, ka danna su har narkakkiyar roba ta ɗan bulbulo, ka bar su awa 24, sannan ka kankare. In ka yi gaggawa, layin zai lotsa bayan ka yi fenti, ka gan shi ya dawo bayan mako guda. Bakin kowace salansa ka sirance shi ta ciki da naɗaɗɗiyar sanfefa, saboda kaurin milimita 1 a nan daidai yake da milimita 12 a babur na gaske, kuma ba salansar tsere mai kaurin haka.

Wannan lissafin shi za ka riƙe wajen wayoyi. Wayar fulogi ta gaske kusan milimita 7 ce. Ka raba da 12, ka samu kusan 0.6. A mota 1/24 kuma 0.3. Baƙin tiyon da ke zuwa cikin kwali yakan fi haka kauri, ga shi ba ya lanƙwasa yadda ake so. Siririyar wayar da ke cikin tsohuwar igiyar caja, ko wayar tagulla ta masu naɗin koyil, ta fi shi. Ka huda wurin da ƙaramin abin huji na hannu, 0.6 ko 0.7, zurfin milimita 2, ka ɗiga sufa gulu a bakin wayar, ba a ramin ba. Ka lura, birkin wannan babur na ganga ne mai aiki da kebul, don haka kada ka ƙara masa tiyon man birki irin na baburan yanzu.

Injin: XF-16, fentin kwalba na Tamiya mai launin alminiyam, a jiki, da burushi, shafi biyu masu ruwa-ruwa maimakon ɗaya mai kauri, don kada ya cike tsakanin haƙarƙarin silinda. Bayan kwana 2 ka zuba Panel Line Accent Color baƙi, fenti mai ruwa-ruwa da ke bin layuka, a cikin ramukan, ka ba shi minti 20, ka share saman da audugar kunne mai ɗan danshin tinar X-20. Na ce ɗan danshi. In tinar nan ta kwanta a inda sukuru ya matse roba, wurin yana tsagewa. Sukurorin kuma ƙanana ne ainun, ka goga sukudireban a jikin maganaɗisu, ka yi aikin a cikin faranti. Taya ka goge layin tsakiyarta da 400 har sheƙin ya mutu.

Tamiya na sayar da ƙarin kaya daban don wannan babur, har da sarƙar ƙarfe da ake haɗawa gaɓa-gaɓa da ƙafafu masu wayoyin ƙarfe. Ni dai ban ba ka shawarar su a aikin farko ba. Sarƙar roba da aka shafa wa X-10, fenti mai launin baƙin ƙarfe, aka bi da baƙin ruwa a tsakanin gaɓoɓin, ta wadatar.

Hajiya Mai Zane:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abu biyu da ba a taɓo ba, kuma su ne suka fi ɓata aiki a ƙarshe.

Na farko, jerin fenti. Kala uku ne a wannan harka: laka (lacquer), irin gwangwanayen TS da kwalaben LP na Tamiya, akirilik, irin X da XF na zagayayyar kwalba, sai enamel. Laka ce ta fi zafi, don haka ita ce a ƙasa. Akirilik da enamel suna hawa kanta lafiya. In ka juya, ka fesa laka a kan enamel, abin da ya faru da motarka ne zai sake faruwa, ko da akwai firaima. Rigar RC166 ruwan azurfa ce, tankin ja. Ruwan azurfa ba ya ɓoye komai, ƙarcen sanfefa 600 ma sai ya nuna, don haka ka bi firaimar da 2000 kafin ka fesa. Kuma kada ka goge ruwan azurfa da sanfefa bayan ka fesa, zai yi dabbare-dabbare. In ƙura ta faɗa, ka goge wurin ka sake shafi ɗaya a kan duka.

Na biyu, sitikar ruwa. Ba ta zama sai a kan fenti mai sheƙi. A kan mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashinta, sai ka ga gefenta yana ƙyalli fari. Ka yanke ɗaya-ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10, ka ajiye a kan tawul har ta fara zamewa da kanta. Ka jiƙa wurin, ka zamo da ita daga takardar kai tsaye, ka mirgina audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. A wuri mai lanƙwasa irin gaban riga, ka shafa ruwan laushe sitika, Mark Fit ko Micro Sol. Za ta yamutse kamar ta lalace. Kada ka taɓa ta, ko da yatsa, za ta miƙe da kanta in ta bushe.

A nan ina da ja da masu cewa a rufe da kiliya washegari. Kiliyar gwangwani ta TS-13 tana da zafi, tana cin sitika. Ka ba sitika kwana 3, ka yi shafi uku ƙura-ƙura da minti 20 a tsakani, sannan mai jiƙa. Bayan haka mako guda cur kafin gogewa. Ka kai hanci kusa, in har kana jin ƙamshin tina, bai yi ba. Gogewa da 2000 da ruwa, sannan 3000, sannan man gogewa mai kaushi, mai laushi, da na gamawa, kowanne da ƙyallensa. Ka nisanci kusurwoyi da gefuna, fenti ya fi siranta a nan, shafa biyu sai ka ga firaima.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: masu sayarwa daga waje sun ce ba sa aiko gwangwani ta jirgi. In ban samu TS ba fa?

Mai Fenti:

Haka ne, gwangwanin feshi na cikin kayan da ake takaita ɗaukarsu a jirgin sama. Hanya biyu gare ka. Ko ka yi amfani da na kasuwa, amma da sharaɗi: firaimar gwangwani mai ruwan toka, shafi uku ƙura-ƙura daga santimita 30, kwana 2 tana bushewa, ka bi da 1500, kuma duk wannan a kan cokali tukuna. In cokalin ya kwana lafiya, ka gwada a cikin rigar babur ɗin ta inda ba a gani, sannan waje. Ga ja, ka sa farin shafi tsakanin firaima da jan.

Ko kuma ka tara kuɗin ƙaramar bindigar feshi mai baki 0.3 da ƙaramin kwamfuresa, ka koma fentin kwalba. Akirilik na X da XF ana sirka shi da tinar X-20A, kashi ɗaya fenti kashi ɗaya tina, a iska 15 zuwa 20 a ma'aunin PSI. A hunturu ka ƙara tina kaɗan ka rage iska zuwa 15, in ba haka ba zai riƙa bushewa a bakin allurar, kana tsayawa kana sharewa duk bayan minti 2. Kafin nan, firam da injin da salansa duk burushi zai yi su. Tanki da riga kaɗai za ka ajiye a leda har kayan feshi su samu.