Tsare-tsaren mulki sun cakuɗe mini, da me zan fara?

Autar Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jarrabawar WAEC ta ƙarato, darasin gwamnati kuma ya rikita ni. Tsarin firaminista, tsarin shugaba mai cikakken iko, tarayya, raba addini da mulki, duk na haddace, amma da an juya tambaya sai in rasa ta cewa.

Malamin Sakandare: Wa'alaikumus salam 'yata. Ajiye hadda tukuna, kowane tsari ki nemo masa abin da ya taɓa faruwa. Tsarin firaminista shi ne na Birtaniya, shi muka yi a Najeriya daga 1960 zuwa 1966. Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne, rinjayen majalisa ya ɗora shi, shi kuma ke iya sauke shi. Azikiwe kuwa daga 1963 shugaban ƙasa ne na jeka-na-yi-ka. A 1979 aka koma irin na Amurka: jama'a suka zaɓi Shagari kai tsaye, ministocinsa kuma ba sa zama a majalisa.

Ɗan Damagaram: Malam, a bar mini tsarin da ya haɗa biyun, don mu muka ɗanɗana shi. Faransa na da shugaba da firaminista, kowa da ikonsa, Nijar ta kwaikwaya. A 1995 'yan adawa suka yi rinjaye a majalisa, Mahamane Ousmane yana shugaba, Hama Amadou ya zama firaminista. Aka yi ta ja-in-ja, har Bare Mainasara ya yi juyin mulki a Janairun 1996. Ƙanwata, in kin riƙe wannan kin gama da babin.

Yaya Lauya: Ni shawarata ki sauke kundin tsarin mulkin 1999 a wayarki. Ba duka za ki karanta ba. Sashe na 4 majalisa, na 5 zartarwa, na 6 shari'a, rabon iko ke nan a rubuce. Sai sashe na 10, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati.

Autar Zaure: Yaya, to ashe duk Turai haka suke, babu ruwan gwamnati da addini?

Yaya Lauya: Ina! Faransa ce ta raba coci da gwamnati da dokar 1905. A Ingila sarki ne shugaban cocin ƙasar, tun da Henry na Takwas ya ɓalle daga Fafaroma a 1534, har yau kuma akwai bishop-bishop a majalisar dattawansu. Vatican tun 1929 ƙasa ce mai zaman kanta, Fafaroma ke mulkinta. A ɓangarenmu ki duba Iran bayan juyin juya halin 1979, inda jagoran addini ke sama da zaɓaɓɓen shugaba.

Hajiya Babba: Kun manta tarayya. A Mayun 1966 Ironsi ya kafa doka ta 34, ya rushe tarayya ya dunƙule iko a Legas. Arewa ta ƙi, zuwa ƙarshen Yuli an kifar da shi. 'Yata, in kina kusa da Kaduna ki leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna, akwai takardun zamanin.

Malamin Sakandare: Hajiya, ranki ya daɗe, wata ɗaya ya rage mata, tafiya sai bayan jarrabawa. Yanzu tsofaffin tambayoyi za ta yi ta amsawa.

Hajiya Babba: Malam, ku dai kullum jarrabawa.

Autar Zaure: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Yaya, kundin ya ƙi buɗuwa a wayata, ko za ki ɗauko mini hoton sassan nan huɗu?

Yaya Lauya: Bayan Magariba in sha Allahu.