Neman shawara: kyamarata ta aljihu tana ɓata mini hoto da yamma, in canza ta?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini, abin nan ya hana ni sukuni. Shekara 6 ina ɗaukar hoton tsuntsaye da babbar kyamara mai dogon gilashi, har kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Da farko na zaci kwanciya ce, na canza matashi, na koma rataya jakar a hagu, nan ma ciwon ya bi ni. Likita ya ce in daina saɓa kaya mai nauyi. Na tattara komai na ba ƙanena, na yi wata 4 ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, in na ga tsuntsu sai in kau da kai. Daga baya na sayi ƙarama ta aljihu mai zum ninki 30, daga milimita 24 zuwa 720. Da rana ba ni da ƙorafi. Amma jiya da yamma wani zalɓe ya tsaya mini a bakin ruwa da kifi a baki, na jawo shi har ƙarshen zum, na ɗauka ya fi sau 40. Da na buɗe a kwamfuta, gashinsa kamar an shafa ɗanyen fenti da yatsa. Yanzu ina tsakanin Sony RX100 VII da Panasonic TZ200. Wacce zan ɗauka?

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kyamararka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera irinsu. Sensar da ke karɓar haske a cikinta milimita 6 ce da kusan 4 da rabi, ba ta kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Don haka ne ma aka iya cusa 720 a aljihu. Kana jawo zum, ƙofar haske tana tsukewa, a ƙarshe ta koma wajen f/6.4 (lambar tana girma, ƙofar tana ƙanƙancewa). Rana ta yi sanyi, haske ya ragu, sai kyamarar ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa hoton haske da ƙarfi, hoto ya yi yashi-yashi, ita kuma ta bi ta shafe yashin. Shafewar nan ce ta cinye gashin zalɓenka. Waɗannan biyun da ka ambata sensarsu milimita 13.2 ce da 8.8, girman filinta ya ninka taka kusan sau 4. Ka ɗauki RX100 VII kawai. A ƙarshen zum f/4.5 take, wato ninki biyu na hasken f/6.4, kuma tana bin abu mai motsi ba ta sakewa. Magana ta ƙare.

Mai Tambaya: Na gode Malam. Amma ni ba da ka na saya ba, sai da na yi sati 3 ina bincike. Zum nake so, kuma RX100 ɗin a 200 ta tsaya.

Ɗan Tsuntsaye: Gaskiyarka. Malam, da girmanka, 200 ba ta ɗaukar tsuntsu, sai dai bishiyar da yake kai. In ya yanko hoton 200 don ya cika kamar na 720, megafiksel 20 ɗin nan za su koma kusan ɗaya da rabi. Ina ribar babbar sensa? TZ200 ta kai 360, ta fi kusa. In ma da gaske yake, Nikon P1000 ta 2018 tana kai 3000.

Mai Tambaya: Kilo 1.4 fa ce. Ka karanta maganar kafaɗata kuwa?

Maman Biyu: Ni dai duk mai gilashin da ke fita yana komawa na sallama ta. Tawa ko shekara ba ta yi ba wani baƙin ɗigo ya fito a saman kowane hoto, daidai inda sararin sama yake. Ashe ƙura ta zuƙa, ta zauna kan sensa, ba kuma yadda za ka sa hannu ka goge. Hotunan tseren 'yata duka da ɗigon nan. Na kai gyara, aka riƙe ta wata 2, ta dawo murfin batir yana rawa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai Yawo: Wayyo Maman Biyu, ni batir ne ya ishe ni, guda 3 nake yawo da su. Yanzu ma wayata nake ɗauka, ta isa.

Tsohon Mai Hoto: Waya ba ta shiga wannan zancen, yawancin zum ɗinta mai nisa yanka ne da ciko. Ɗan Tsuntsaye, TZ200 ɗinka ma a 360 f/6.4 take, ka manta? Tsuntsu kuma matsawa ake yi kusa da shi, haka muka koya. Mai Tambaya, ba ka faɗa mana ba, a wane gudun shata ka ɗauka, wato saurin buɗewa da rufewar kyamarar? ISO nawa? Ka jingina da wani abu?

Mai Tambaya: A Auto take, a tsaye nake. Amma ai tana da abin hana rawar hannu.

Tsohon Mai Hoto: Yana riƙe hannunka, ba ya riƙe wuyan zalɓe. Ka juya ta zuwa S, inda kai ke zaɓar gudun shata, ka sa 1/500 na daƙiƙa, ka hana ISO wuce 800, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta shafe ba, in tana da shi, ka gyara da kanka.

Ɗan Tsuntsaye: 1/500 da ISO 800 a f/6.4, ana dab da faɗuwar rana? Baƙi ƙirin zai samu, Malam.

Mai Tambaya: Ni ban sayi ƙaramar kyamara don in kwana gaban kwamfuta ina gyara ba. Kuma hannuna ba ya rawa, shekara 6 nake wannan abin. Farin wata da na ɗauka da ita makon jiya har ramukansa sun fito. Don Allah wanda ya taɓa riƙe TZ200 da hannunsa da yamma ya faɗa mini yadda take, kafin ƙanena ya sake cewa in karɓi tsohuwar.

Maman Biyu: Duk wacce ka saya dai, kar ka sa ta a aljihu ba jaka.