Abin da Aka Tsayar a Samaru Kan Sayen Laftof Mai Matsakaicin Kuɗi

A hirar da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka yi da masu gyaran kwamfuta a Samaru, bakinsu ya zo ɗaya kan abu uku: RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita) kada ta gaza 8GB, ma'ajiya ta zama SSD (nau'in ma'ajiya mai sauri) ko da 256GB ce, injin (wato firosesa) kuma Core i5 na kamfanin Intel, ƙarni na 8 zuwa sama. Dalilin ƙarnin shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta hawa kan mafi yawan tsofaffin injunan da ba su kai ƙarni na 8 ba.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne sabuwa ko ta hannu. Masu gyara sun karkata ga ta hannu irin ThinkPad, Latitude ko EliteBook, don sun fi ƙarko kuma kayansu ba sa wuyar samu. Ni ma nan na tsaya.

Amma kada ka biya sai ka zare caja a gaban mai shago ka ga yadda batir ke sauka, tunda wuta ba ta da tabbas. Ka danna kowane maɓalli, ka buɗe murfin ka rufe, ka saurari fanka, domin ƙurar hunturu na toshe ta. Yarjejeniyar mayarwa kuwa, a rubuta ta a rasit.